Yadda ake bincikar manhajar hasashen riba ta masu tallar gangar wiski

Wani abokina da ke aiki a birnin Glasgow ya turo mini hoton allon wayarsa kwanakin baya. Shafin wani kamfani ne mai sayar da gangunan wiski ga masu neman inda za su zuba jari. A tsakiyar shafin akwai 'yar manhajar lissafi: ka rubuta kuɗin da za ka sa, ka zaɓi shekaru, sai ta zana maka layi yana ta hawa. Fam 3,000 yau, kimanin fam 9,300 bayan shekara goma. Abokan aikinsa biyu sun riga sun saya, na uku yana shirin kwashe ajiyarsa. Tambayarsa ɗaya ce: "Malam, wannan lissafin gaskiya ne?"

Bari in fara da abin da ba zan ɓoye ba. A wurin Musulmi maganar ta ƙare tun kafin a kai ga lissafi, domin Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito hadisin da Manzon Allah (SAW) ya la'anci mutum goma a kan giya, ciki har da mai sayar da ita, da mai sayenta, da mai cin kuɗinta. Ni ba zan sa sisina a ciki ba. Amma wannan talla tana isa wayoyin mutanenmu da ke zaune a Birtaniya, tana isa ga maƙwabtansu da abokan aikinsu, kuma na ga yadda layi mai hawa sama yake rufe wa mai hankali ido. Wanda ya iya kwance irin wannan lissafi zai iya tsamo wani daga asara.

Abin da ake sayarwa shi ne gangar katako cike da wiski da bai gama nuna ba, tana kwance a wani sito a Sikotland. Dokar 2009 ta ce ba a kiran abin sha da sunan wiskin Sikotland sai ya yi aƙalla shekara uku cikin gangar itacen oak a ƙasar, kuma ƙarfin barasarsa bai yi ƙasa da kashi 40 cikin ɗari ba. Da yake tsohon wiski ya fi sabo tsada, sai a ce maka ka saya yana ɗanye, ka jira, ka sayar. Tunanin ba ƙarya ba ne. Inda ake samun matsala shi ne adadin da ake liƙa masa.

Mataki na farko: gano lambar da ke ɓoye a cikin manhajar

Ɗauki kalkuletarka. Raba kuɗin da manhajar ta ce za ka samu da kuɗin da ka sa. A misalin abokina, 9,300 a raba da 3,000 ya ba da 3.1. Wace riba ce ta shekara-shekara, in tana hawa kan riba, take ninka kuɗi sau 3.1 a shekara goma? Kashi 12 cikin ɗari. To, sai ka canza abubuwan da ka shigar. Sa fam 6,000. Zaɓi wata matata daban, wato masana'antar da ke yin wiskin. Mayar da shekarun biyar, sannan goma sha biyar. In duk inda ka juya kashi 12 ɗin nan ne ke fitowa, ka sani ba hasashe kake kallo ba, lamba ɗaya ce wani ya zaɓa, manhajar tana ninka ta kawai. Ɗan aji uku na sakandare zai yi wannan a takarda.

Sannan ka gwada neman asara. Akwai wani zaɓi, ko wane iri, da zai sa layin ya sauka ƙasa? Manhajar da ba ta san faɗuwa ba, mai sayarwa ta yi wa aiki, ba kai ba. Duba kuma ƙasan shafin ka ga mai ita. Kusan ko da yaushe kamfanin da ke son ka saya ne.

Mataki na biyu: bi sawun lambar har inda ta fito

Nan ne aikin yake, don haka zan ɗan daɗe. Tambayi dillalin kai tsaye: wannan kashi 12 ɗin daga ina? Amsar da aka fi bayarwa shekaru da dama ita ce ma'aunin kamfanin Knight Frank na kayan ƙawa masu tsada. A rahotonsa na 2019 ya nuna cewa darajar wiski mai wuyar samu ta tashi da kashi 582 cikin ɗari a shekara goma. Wannan lamba ta yi yawo a tallace-tallace kamar wutar daji.

Abin da ba a faɗa maka shi ne ma'aunin ba na ganguna ba ne. Farashin gwanjo ne na kwalabe ɗari zaɓaɓɓu, daga cikin mafi tsada da wuyar samu a duniya, irin waɗanda attajirai ke tarawa a kabad ba tare da sun buɗe ba. Kwalba ɗaya ta Macallan 1926 an sayar da ita fiye da fam miliyan 2 a gidan gwanjon Sotheby's na Landan a Nuwamban 2023. Auna gangar sabon wiski daga matatar da ke cika dubban ganguna a shekara da wannan ma'auni, daidai yake da a ɗauki farashin ingarman dokin sarki a yi maka hasashen kuɗin jakin da ka saya a kasuwar ƙauye. Dukansu dabbobin hawa ne, iyakar dangantakar ke nan.

Ko ma'aunin kansa bai tsaya a sama ba. Ya sauka da kashi 9 cikin ɗari a 2023, ya ƙara sauka da kamar haka a 2024. Don haka ka duba shekarun da manhajar ta ɗauko bayananta. In ta fara daga wajejen 2009 ta tsaya a 2021 ko 2022, ta yanko maka lokacin damina ne ta ɓoye rani.

Amsa ta biyu da za ka ji labari ce. Za a ba ka labarin gangar Ardbeg ta 1975 da aka sayar fam miliyan 16 a 2022, ko gangar Macallan ta 1988 da wani ya saya fam 5,000, ya manta da ita, aka sayar kusan fam miliyan ɗaya a 2022 ɗin. Duka biyun sun faru. Amma ka yi lissafin ta biyun. Kuɗi ya ninka kusan sau 200 a shekara 34, wanda ya kama kimanin kashi 17 cikin ɗari a shekara. Wannan fa ita ce gangar da ta shiga jaridun duniya saboda ba a saba ganin irinta ba. Duk manhajar da ta sa maka kashi 15 ko 20 a kan ganga gama-gari, cewa take yi gangarka za ta kamo wannan, ko ta wuce ta. Kuma babu mai rubuta labarin dubban gangunan da aka cika a 1988 ɗin suka ƙare cikin gaurayen wiski mai araha.

Abin ya yi yawa har hukumar ASA mai sa ido kan tallace-tallace a Birtaniya ta fitar da gargaɗi na musamman ga masu wannan sana'a, wanda ya fara aiki a Janairun 2024. Ta ce dole talla ta bayyana cewa jarin na iya faɗuwa, cewa babu hukumar kuɗi da ke kula da shi, kuma duk wata riba da aka ambata sai da hujja. In shafin da kake dubawa bai da waɗannan a fili, ka riga ka san da wa kake magana.

Hujjar da za ka nema guda ɗaya ce: jerin gangunan da abokan cinikinsu suka saya kuma suka sayar, da ranar saye, da ranar sayarwa, da kuɗin da ya shiga hannun mai gangar bayan an cire komai. Duka jerin, ba uku da suka fi kyau ba.

Mataki na uku: binciki farashin shiga, domin a nan aka fi yanka mutane

Manhajar tana ɗaukar kuɗin da ka biya a matsayin darajar gangar. Wannan ita ce babbar ɓarakar. Babu wata kasuwa ta bai ɗaya da ake wallafa farashin ganguna kullum kamar hannun jari ko zinare. Yawancin ciniki tsakanin matatu da masu haɗa gauraye da dillalai ake yin sa a asirce. Saboda haka mai sayar maka zai iya ɗora ribarsa yadda ya ga dama, kai ba ka da inda za ka duba.

'Yan sana'ar ba sa yin ciniki da "ganga ɗaya nawa". Da litar zallar barasa suke yi. Kai ma ka koyi haka. Matsakaiciyar ganga tana ɗaukar kimanin lita 250, ƙarama wajen 200, babba wajen 500, kuma an fi cika sabon wiski a ƙarfin kashi 63.5. Lita 250 sau 0.635 ya ba da kusan lita 159 ta zallar barasa. A takardu za ka ga an rubuta OLA, wato litocin zallar barasa da aka zuba tun farko. Fam 3,000 a raba da 159, kana biyan kusan fam 19 ke nan a kowace lita. Wannan lambar za ka riƙe ka shiga kasuwa da ita: duba sakamakon gidajen gwanjon intanet da ke sayar da ganguna, irin su Whisky Hammer da Whisky Auctioneer, ka nemi mai shekaru da matata da irin katako kusa da taka. Ka kuma tambayi wasu dillalai biyu, ba tare da ka faɗa musu farashin da aka ba ka ba, nawa za su saya daga hannunka gobe.

Ga misali na ƙirƙira don ka ga nauyin abin. A ce gangar da ka biya fam 3,000 darajarta tsakanin 'yan kasuwa fam 1,500 ce. A ce kuma manhajar ta yi gaskiya, farashi ya riƙa tashi kashi 12 kowace shekara har shekara goma. Tashin zai fara ne daga 1,500, ba daga 3,000 ba. Za ka tarar da kimanin fam 4,660, rabin abin da aka zana maka. In tashin kashi 5 ne, fam 2,440 za ka samu: shekara goma kana jira, uwar kuɗinka ma ba ta dawo ba. Hasashe zai iya cin daidai a kan kasuwa, kai kuma ka yi asara, domin tun ranar saye aka cinye ribar.

Mataki na huɗu: cire abin da iska ke sha

Katako yana numfashi. A yanayin Sikotland ganga tana rasa kimanin kashi 2 cikin ɗari na abin da ke cikinta kowace shekara, abin da masu sana'ar ke yi wa laƙabi da rabon mala'iku a irin maganarsu. Lita 159 ɗin nan bayan shekara goma za ta koma kusan 130. Mai saye zai sa a sake awo, ya biya ka bisa abin da ya rage, wanda ake rubutawa RLA. Don ka sami fam 9,300 ɗin da manhaja ta yi alƙawari, sai an sayi kowace lita kusan fam 72, alhali ka saya 19. Tambayar ta zama mai sauƙi ke nan: yau, akwai mai biyan fam 72 a litar wiski ɗan shekara goma daga wannan matatar? Wannan ana iya dubawa yanzu, ba sai an jira ba, kuma ni a ganina ita ce jarrabawa mafi ƙarfi a duk wannan rubutu.

Kashi 2 ɗin matsakaici ne. Wata ganga tana yoyo, wata ba ta nuna da kyau. Ƙarfin barasar ma yana sauka, kuma in ya faɗi ƙasa da kashi 40 ba za a iya zuba shi kwalba shi kaɗai da sunan wiskin Sikotland ba. Manhajar da ta ja layi miƙe har shekara talatin ko arba'in ba ta san da wannan iyaka ba.

Mataki na biyar: jera kuɗaɗen da za su fita

Kuɗin sito na shekara-shekara, inshora, kuɗin sake awo da ɗebo samfur, kuɗin sauya suna, sannan la'adar dillali ko gidan gwanjo ranar sayarwa. Nemi kowanne a rubuce, ka tambayi abin da zai faru bayan shekarun "ajiya kyauta" sun ƙare. Mu koma misalinmu: a ce sito da inshora fam 60 ne a shekara, la'ada kashi 10. Daga fam 4,660 za a rage maka kimanin 3,590. Riba ƙasa da fam 600 a shekara goma, wato bai kai kashi 2 a shekara ba. In hauhawar farashi ta tsaya a kashi 3, sai ka sami fiye da fam 4,000 kafin a ce kuɗinka ya riƙe ƙarfinsa. A Oktoban 2022 hauhawar ta kai kashi 11.1 a Birtaniya.

Wasu manhajojin suna yin wata dabara: su ƙirga kwalaben da gangar za ta bayar, su ninka da farashin kanti. Lita 130 a ƙarfin kashi 46 za ta ba da kwalba kusan 400, gaskiya ne. Amma da zarar wiski ya bar sito haraji ya hau kansa. A Fabrairun 2025 harajin barasa ya kai fam 32.79 a kowace lita ta zalla, sama da fam 4,200 ke nan a gangar nan ɗaya, ga harajin VAT na kashi 20 a kan jimla, ga kuɗin kwalba da lakabi da dako, ga ribar mai kanti, ga lasisin sayarwa da ba ka da shi. Maganar "babu harajin riba" kuwa, da ake jingina ta da cewa ganga kadara ce mai ƙarewa, ta danganta da halin kowane mutum. Akanta ne zai faɗa maka, ba mai talla ba.

Mataki na shida: duba sunan da ke jikin gangar

Wannan gajere ne amma yana kayar da mutane. Manyan matatu suna kare sunansu. Wasu suna ɗiga ɗan wiskin wata matata a gangar da za su sayar waje, don kada a kira ta tasu zalla, sai ta fita da wani suna. Wardhead daga Glenfiddich take, Burnside daga Balvenie, Westport daga Glenmorangie. In an yi maka hasashe da farashin babban suna alhali takardarka ba ta ba ka ikon rubuta sunan a kwalba ba, lissafin na wani kaya ne daban.

Mataki na bakwai: mayar da manhajar baya ka ga ko ta taɓa cin daidai

Mai hasashen yanayi da abin da ya faɗa jiya ake auna shi. Nemi ƙasidar kamfanin ta 2019 ko 2020, ko ka duba tsohon shafinsu a Wayback Machine, ma'ajiyar tsofaffin shafukan intanet. Me suka ce ganga za ta kai a shekara biyar? Me irinta ta kawo a gwanjo da lokacin ya yi? In kamfanin bai kai shekara biyar da kafuwa ba, wanda za ka gani kyauta a rajistar kamfanonin Birtaniya ta Companies House tare da sunayen daraktocinsa, to bai taɓa ganin ƙarshen hasashensa ko ɗaya ba.

Tarihin sana'ar kansa ba layi miƙe ba ne. A 1898 kamfanin 'yan'uwan Pattison na Leith ya durƙushe bayan shekarun da kowa ke rububin zuba kuɗi a wiski, ya ja matatu da dama ƙasa, 'yan'uwan biyu suka ƙare a gidan yari. A farkon shekarun 1980 kaya ya yi wa kasuwa yawa har aka riƙa kiran rarar da tafkin wiski, kuma a 1983 aka rufe matatu da yawa, ciki har da Port Ellen da Brora. Tsadar tsohon wiski da aka gani daga baya, wani ɓangarenta daga ƙarancin da wannan rufewar ta haifar ne. Yau al'amarin ya juya: ƙungiyar masu wiski ta Sikotland ta ce kimanin ganga miliyan 22 ne ke kwance a sito. Kuɗin da ake samu daga fitar da shi waje ya kai fam biliyan 6.2 a 2022, ya sauko 5.6 a 2023, ya koma 5.4 a 2024. Ka haɗa da kuɗin ruwa: babban bankin Ingila ya ɗaga shi daga kashi 0.1 a ƙarshen 2021 zuwa 5.25 a Agustan 2023, masu kuɗi suka sami inda za su ajiye ba tare da jiran katako ba. Ka haɗa da harajin kashi 25 da Amurka ta ɗora wa wiskin matata ɗaya daga Oktoban 2019 zuwa Maris na 2021. Tambayi manhajar a ina ta sa waɗannan. Gangar da ka saya bana, da duk waɗanda aka cika bana za ta yi gogayya ranar sayarwa.

Mataki na takwas: wa zai saya, kuma gangar tana nan kuwa?

Wasu kamfanoni suna turo maka "darajar gangarka" kowace shekara a asusunka na intanet, tana ta ƙaruwa. Wannan lambar su suka rubuta ta. Mu da muka ga MMM a 2016 mun san yadda kuɗi ke girma a allo ya ƙi fitowa. Daraja ita ce abin da wani baƙo ya yarda ya biya. In an ce maka za su saye da kansu, nemi a rubuta farashi ko yadda za a fitar da shi a yarjejeniya, ka kuma tuna cewa alƙawarin zai mutu ranar da kamfanin ya mutu.

Hukumar FCA mai kula da harkokin kuɗi a Birtaniya ba ta sa ido kan cinikin ganguna, kuma asusun biyan diyya na FSCS bai rufe shi ba. A 2024 'yan sandan birnin Landan sun buɗe bincike a kan wani kamfanin sayar da ganguna, sannan a Maris na 2025 binciken BBC na Sikotland ya fito da mutanen da aka sayar wa gangunan da babu su, da ganga ɗaya da aka sayar wa mutum fiye da ɗaya, da waɗanda aka ninka wa farashi. Cinikin biri a sama ke nan, kuma mafi yawansu takardar shaida mai ƙyalli suke riƙe da ita.

Takardar da kamfani ya buga da kansa ba ta tabbatar da komai. Abin da ke tabbatarwa shi ne mai sito ya san sunanka. A al'adar sana'ar ana yin haka da takardar umarnin miƙa kaya, wadda mai sayarwa da mai saye ke sa wa hannu a aika wa mai sito, shi kuma ya amsa cewa ganga mai lamba kaza ta koma sunan wane. Nemi lambar gangar, da shekarar cikawa, da sunan siton. Samo lambar wayar siton da kanka, kada ka yi amfani da wadda dillali ya ba ka. Tambaye su abu uku: gangar tana nan, sunan wa ke kanta yanzu, kuma za su yarda su buɗe maka asusu ko su rubuta ta da sunanka? Wasu sitocin ba sa hulɗa da ɗaiɗaikun mutane, sai ta hannun kamfani. In haka ne, ka nemi a rubuce abin da zai sami gangarka idan kamfanin ya karye, ka kai wa lauya ya karanta kafin ka tura ko kwabo.

Abin da na tura wa abokina ya miƙa wa abokin aikinsa saƙo ne na layi biyar da zai aika wa dillalin: nawa ne farashin a kowace litar zalla, ina jerin gangunan da kuka sayar wa mutane suka fita da kuɗinsu, nawa za ku saya daga hannuna gobe da safe, wane sito ne kuma wace lamba, sannan ina da ikon amfani da sunan matatar ko babu. Na ce ya nemi amsa a rubuce, ya ba su mako guda, kada ya ɗaga waya in sun kira suna cewa saura ganga biyu.